Wanda Ya Tuƙa Motar Torvald

Direban motar madara ne ya tarar da abin, ƙarfe shida da kwata na safiyar Asabar, a Kwanar Rafi, kilomita uku daga ƙauyen Granvika. Keke ne a lanƙwashe a tsakiyar kwalta, jaridu sun watse har cikin ciyawa. Majken Solberg mai raba jarida tana kwance a gefen hanya, ba ta san inda kanta yake ba, an rufe ta da bargo har wuya. Can gaba kaɗan wata jar mota ta kafa hanci cikin rami, ƙofar direba a buɗe, babu kowa a ciki.

Babu wanda ya tambayi motar wa ce. Shekara huɗu Torvald Nyhlen ya yi yana gina ta a garejin bayan gidansa. Ya sauke injin, ya canja masa hanji gaba ɗaya, ya ɗora masa turbo, na'urar cusa wa inji iska, mai girman tukunya, har sai da ta kai ƙarfin doki ɗari shida. Duk lokacin da ya tayar da ita, kofuna kan yi rawa a gidajen maƙwabta. Kafin motar asibiti ta bar wurin, rabin ƙauyen ya riga ya yanke masa hukunci a bakin kanti.

Pontus Vik, ɗan sandan da aka turo daga birni, bai wuce wata takwas a yankin ba. Da ya ga sawun ƙafa ya shiga daji, sai ya kira Hillevi Brask. Shekara talatin tana wannan aikin: idan mota ta buge barewa ta gudu da rauni, ita ake kira ta bi ta har inda ta kwanta.

"Inna Hillevi, yau dai ba barewa ba ce," in ji Pontus.

"Na gani. Ka hana mutanen can tattake mini ciyawa."

Ta fara da kwalta. Baƙaƙen layuka biyu sun soma daga tsakiyar kwanar, suka karkace zuwa gefen da keken yake.

"Ya taka birki a makare," in ji Pontus.

"Wannan ba birki ba ne, totur ne. Ya ba ta wuta a cikin kwana, bayanta ya kwashe."

Ta leƙa cikin motar. Babu makulli a jiki. Ƙarƙashin kujera akwai wani jan maɓalli mai yanke wutar batir, an murɗe shi an kashe. Ta nuna wa Pontus.

"Ɓarawon mota ba ya tsayawa neman wannan. Wanda ya kashe shi ya san inda yake, kuma yana tsoron kada ta kama da wuta."

Sawun takalmin roba ne, lamba arba'in da uku, irin wanda kantin ƙauye ke sayar wa kowa. Ya tashi daga mota zuwa inda Majken ta faɗi. Nan gwiwoyi biyu sun lotsa ciyawa. Ya koma mota, ya dawo, watakila da bargon. Daga nan ya faɗa daji a guje. Hillevi ta bi shi taki ɗari biyu cikin gansakuka, sai ƙasa ta ƙare, shimfiɗaɗɗen dutse ya soma. Ta duba hagu, inda hanyar masu yankan katako take. Ta duba dama, inda ake yankewa zuwa ƙauye. Sau uku tana zagayawa, ba ta ga ko ganye ɗaya da aka taka ba. Gaban dutsen kuwa ƙurmi ne a cunkushe, ba ta ga abin da zai kai mutum ciki ba.

Ta fito tana jin haushin kanta. Hadari yana haɗuwa ta yamma.

"Mutum nawa suka san da maɓallin nan?" Pontus ya tambaya.

"Uku. Torvald, da Sixten Alm mai saita kwamfutar injin." Ta ɗan tsaya. "Da yayana Evert. Shi ya haɗa injin. Amma shi shekara biyu ke nan da likita ya karɓe masa lasin saboda idanu."

*

Sun tarar da Torvald tsaye a tsakiyar garejinsa, yana kallon ɗigon mai a inda motar take kwana. Ƙato ne mai ƙaramar murya, ya zo daga birni shekara goma da suka wuce, har yanzu ana ce masa baƙo.

"Tun biyar na tafi tafki da fatsa," ya ce. "Yau ne za mu kai ta a gwada ƙarfinta a kan na'ura. Na kasa zama, shi ya sa na fita."

"Wa ya gan ka?" in ji Pontus.

"Kifi ma bai gan ni ba."

"Makulli fa?"

Ya ciro ɗaya daga aljihu. Na biyun, in ji shi, yana cikin gwangwanin kofi a kan kanta. Pontus ya buɗe gwangwanin, babu komai sai kusoshi.

Matarsa Gunvor ta leƙo daga ƙofa, hannu a naɗe. "Ku rubuta cewa na sha faɗa zan cinna mata ashana, kafin wani ya riga ni faɗa muku. Shekara huɗu ina cin abinci ni kaɗai. Amma ban iya tuƙa mota mai kuloc ba, shi kuma ya fita da fatsarsa, na ji ƙofa."

"Ba ki ji tashin motar ba?"

"Ban ji ba."

Hillevi ta fita ta dubi gangaren da ya sauka daga gareji zuwa titi. Tayoyi sun bi tsakuwa a hankali, ba su tono ko ɗaya ba. An gangara da ita a kashe, sai can ƙasa aka tayar. Takalman Torvald suna bakin ƙofa, a jiƙe har sama. Ta ɗaga ɗaya: arba'in da uku.

"Hillevi," in ji Torvald a bayanta, "idan matar nan ta mutu, ko ba ni ba ne, motata ce."

Ta ajiye takalmin, ta bi Pontus mota.

*

Sixten Alm yana ƙarƙashin tarakta lokacin da suka isa. Ya fito yana goge hannu, tabar leɓe ta kumbura masa baki.

"An ce kun yi faɗa da Torvald ranar Laraba," in ji Pontus.

"An ce. A garin nan ko tari ka yi sai an ce." Ya tofar. "E, mun yi. Na ce masa turbon ya yi wa injin girma. Ƙasa da juyin inji dubu huɗu a minti motar kamar jaki, da ta haye dubu huɗu sai ta zabura gaba ɗaya kamar an harba ta. Na ce a tausasa ta, a rage iska, motar titi ce ba ta fili ba. Ya ce shi lamba yake so ya gani a takarda. Ya rufe kwamfuta ya ce kada in ƙara taɓawa."

"Sai ka ɗauke ta ka nuna masa gaskiyarka."

"Yallaɓai, ni da na san halinta zan ba ta wuta a Kwanar Rafi? Ina da 'ya'ya."

"Ina kake ƙarfe shida?"

"A gado, da ciwon kan giyar jiya. Ka tambayi matata, in tana yi maka magana, don ni ba ta yi mini."

Hillevi tana zagaya tsakar gidan, ta kasa tsayawa wuri ɗaya. A bayan motar Sixten ta ga takalman roba da ɗanyen laka, da kwando rabi da naman kaza, irin laimar kwaɗin da ake ci.

"Wanda ke gado ne ya tsinko waɗannan?"

Sixten ya yi ja har kunne. "To, na fita. Gonar dajin Torvald na shiga, can suka fi yawa. Kina so in tsaya gaban ɗan sanda in ce sata na je?"

A mota Pontus ya buga sitiyari da yatsa. "Ƙarya ɗaya ya riga ya yi mana."

"Ƙaryar naman kaza ce," in ji ta. "Lakar takalminsa baƙa ce, ta fadama. A Kwanar Rafi yashi ne."

*

Gidan Evert ita kaɗai ta shiga. Shekararsa saba'in da ɗaya, ya girme ta da takwas. Yana saurayi babu mai kama shi a tseren motoci na hanyoyin daji. Daga baya ya tafi birni ya yi shekara arba'in yana gyaran injinan jiragen ruwa, bai dawo Granvika ba sai shekara biyar da suka wuce. Idanunsa sun dushe, amma yatsunsa suna gane fiston mai kyau daga taɓawa, shi ya sa Torvald ba ya ɗaura ko noti ɗaya sai ya kira shi.

Ta same shi a kicin, kofi a gabansa ya huce, injin wanki yana ƙara a ɗakin baya.

"Yaya, ka ji?"

"Na ji. Yaya jikin Majken?"

"Suna yi mata aiki a ƙugu. Kanta ma ya bugu."

Ya gyaɗa kai, ya turo mata farantin burodin kirfa. "Ki gaya wa yaron nan ɗan sanda ba Torvald ba ne. Torvald ko kare ya buge sai ya zauna kusa da shi yana kuka."

"To wa?"

"Yaran birni suna yawo. Motar ta yi suna."

"Yaran birni ba sa kashe batir."

Ya juya kofinsa a kan tebur. Hillevi ta zauna, ta tashi, ta je taga, ta dawo. Hadarin ya rufe rabin sama.

"Ki zauna mana, kina sa ni jiri."

"Ruwa zai wanke mini sawu," ta ce, ta ɗauki hularta.

*

Ta koma kan shimfiɗaɗɗen dutsen ƙarfe biyu da rabi. Ta tsaya inda sawun ya ɓace, ta daina kallon ƙasa, ta kalli wurin kawai. Mutumin bai gudu nan take ba. Ya durƙusa, ya rufe Majken, sannan ya ruga. Mai neman ɓuya ba ya yin haka. Wannan gudun neman taimako ne. Gida mafi kusa da Kwanar Rafi kuwa gonar da ke hayin rafi ce, kusa da tsohuwar makaranta.

Ta nufi ƙurmin da ta raina da safe, ta ɗaga reshen farko. A bayansa wani reshe ya karye, farin cikinsa ɗanye. Taki biyar gaba, dunduniyar takalmi ta nutse a ganye. Babu hanya a wurin, itatuwa sun fi ta tsayi sau uku, amma sawun bai yi dawurwura ba ko sau ɗaya. Ya kewaye babban dutse ta hagu, ya bi gindin tsohuwar katangar duwatsu, ya sauka gangare. Ƙafafunta sun san kowace kwana kafin idonta ya gani. Hanyar makaranta ce, wadda yaran wannan gefen suke bi kafin a rufe makarantar shekara hamsin da suka wuce.

Sawun ya tsaya cak a bakin rafi, tsakanin wasu ruɓaɓɓun turaka biyu. Nan gada take a da. Mutumin ya taka gaba, ya ja baya, ya yi dama, ya dawo, yana neman abin da babu. Daga baya ya faɗa ruwan. A hayin can ta ga inda ya fito da rarrafe, ya hau tudu. Ta tsallaka, ruwan ya kai mata cinya. Daga kan tudun ana hango Kwanar Rafi sarai. Ya daɗe a tsaye a wurin, dunduniyoyinsa sun nutse. Daga nan sawun bai nufi gonar ba. Ya juya ya bi bakin rafi zuwa ƙauye, taki gajere gajere.

Ɗigon farko ya sauka a hannunta. Ta ɗauki hotuna, ta tsaya da wayar a hannu. In ta mayar da ita aljihu ta tafi gida, kafin magariba ruwa ya share komai. Pontus kuwa ya riga ya ce mata ƙarfe huɗu zai tafi da Torvald ofishinsu.

Ta kira shi. "Ka tara mini mutum ukun da suka san da maɓallin nan a garejin Torvald. Kada ka tafi da kowa sai na zo."

*

Mutane sun cika bakin titi da lema. Wani ya ce da ƙarfi ai tun da baƙon nan ya zo ba su huta ba. Hillevi ta ratsa su, wandonta yana ɗiga, ta ja ƙofar gareji ta rufe.

Torvald yana zaune a kan taya. Sixten ya jingina da kantar kayan aiki. Evert yana kan kujerarsa ta kullum kusa da teburin sifanu, hannu a kan gwiwa.

"Zan faɗi abin da ƙasa ta nuna mini," in ji ta. "Wanda ya ɗauki motar ya gangara da ita a kashe. A kwana ya ba ta wuta, ta haye dubu huɗu, ta kwashe. Ya fito ya kashe batir, ya rufe Majken da bargo. Babu waya a jikinsa, sai ya ruga neman gida. Ya bi tsohuwar hanyar makaranta zuwa gada."

"Wace gada?" in ji Torvald.

"Ka ji. Shi bai ma san an taɓa yin ta ba."

Sixten ya cire tabar daga bakinsa. "Gadar rafi? Ai ambaliya ta cinye ta shekara takwas da suka wuce. Ni na jawo katakanta da tarakta."

"Na sani, shi ya sa ba kai ba ne. Wanda nake nema ya san hanyar da ƙafarsa tun yana yaro, amma ba ya gari lokacin da gadar ta tafi."

Ruwa yana dukan kwano. Pontus ya dubi Hillevi, ya dubi inda take ƙin kallo. Ta ba wanda ke zaune a wajen lokaci. Ta ƙirga numfashinta har goma, tana fatan zai buɗe baki da kansa. Bai buɗe ba.

"Yaya," ta ce.

Evert ya sa hannu a aljihun rigarsa, ya ciro makulli ya ajiye a kan tebur.

"Sau ɗaya nake so," ya ce. "Shekara huɗu hannuna yana cikin injin nan. Na ce da sassafe babu kowa a hanya, in kai tafki in dawo, ba wanda zai sani. Na san hanyar ko ido a rufe. Da na shiga kwana rana ta fito mini ta tsakanin itatuwa, komai ya yi fari. Ƙafata ta yi abin da ta saba. Ban gan ta ba. Ƙarar keken kawai na ji."

"Ka je rafi," in ji Pontus.

"Na je, babu gada. Da na haye na ji motar madara ta tsaya, na ji ƙofa. Na ce to, an same ta. Na yi niyyar komawa. Ina tsaye ina cewa yanzu zan koma, yanzu zan koma, sai na ga ina tafiya gida."

Torvald ya tashi a hankali. "Baba Evert, da ka tambaye ni ai da na zauna kusa da kai mun je fili. Tun safe mutane suke tofa yawu a ƙofata, kana zaune a gida."

"Na ce wa Hillevi ba kai ba ne."

"Ka ce mini yaran birni ne," in ji ta. "Da ruwan nan ya riga ni, da ka bari sun tafi da shi?"

Evert ya juya fuskarsa wajen da muryarta take. "Ban sani ba," ya ce.

Pontus ya kama shi a gwiwar hannu, ba don tsaro ba, don kada ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa. Da aka buɗe gareji mutanen titi suka yi tsit. Babu wanda ya dubi Torvald, ɗaya bayan ɗaya suka kama hanyar gida.

*

Ranar Talata aka bari a ga Majken. Hillevi ta yi ta zagaya filin ajiye motoci na asibitin kafin ta iya shiga. Likita ya ce za ta yi tafiya da sanda, keke kuwa ya ƙare.

Majken tana kwance, rabin fuskarta ya yi shuɗi. Ajinsu ɗaya da Evert tun suna 'yan shekara bakwai.

"Na zo in faɗa miki da bakina, kafin ki ji a wani wuri," in ji Hillevi. "Evert ne."

"Na sani."

"Pontus ya gaya miki?"

"Babu wanda ya gaya mini. Lokacin da yake rufe ni ina jin sa. Yana ta kiran sunana, yana cewa in yi haƙuri yanzu zai dawo." Ta gyara kanta a kan matashi da ƙyar. "Jiya ɗan sandan ya tambaye ni me na tuna, na ce kaina bai dawo daidai ba. So nake in ji ko Evert ne da ƙafarsa ya je ya faɗa."

Hillevi ta dubi hannayenta. "Ni na kai 'yan sanda gare shi."

Majken ta rufe ido. Ta daɗe haka, har Hillevi ta zaci barci ya ɗauke ta, ta miƙe za ta fita.

"Sun sake shi?" in ji Majken.

"Yana gida, yana jiran kotu. Ba ya cin abinci."

"Ki kawo shi ranar Juma'a. Kada ki ce masa na yafe, don ban yafe ba. Ki kawo shi ki ajiye a kujerar nan, ki fita ki rufe mana ƙofa."